Sunan Malam a New York

Tun ranar da na dawo ban huta ba. A Islamiyya, a gidan biki, har a layin awon hawan jini, tambayar ɗaya ce: "Malama Rabi, ya Amurka?" In na ce lafiya lau sai a ce ina rowar labari. Hajiya Bilki ma cewa ta yi wai na dawo da girman kai, alhali ciwon gwiwa na dawo da shi. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta bar ni in sha iska. Amma mai son labarin dogayen gine-gine ta nemi wani, don ni ba su na je kallo ba.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata a Zariya kafin in yi ritaya. Maigidana, Malam, ya rasu shekara uku da suka wuce. 'Ya'ya uku Allah ya ba mu, duk mata. Manyan biyun suna yin aure suka cire sunansa daga takardunsu suka sa na mazajensu. Bai ce musu uffan ba, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san abin ya taɓa shi. Sai ya rage saura Auta, Nafisa, wadda take aikin jinya a New York. Takardar shaidar karatunta ya sa a firam ya rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ya tashe shi ya nuna masa layin da sunansa yake.

Auta ta haihu, haihuwar fari, mace. Ina cikin haɗa kayan tafiya wankan jego ta kira ni, muna hira sai ta sako wata magana kamar ba komai ba. Wai an sa mata ranar ganawa don zama 'yar ƙasa, nan da mako shida, kuma a wurin ganawar ake tambayar mutum ko yana son sauya suna. Ita za ta koma sunan mijinta. Saboda haka aiki biyu na tafi yi: in yi wa yarinya wanka, in kuma hana sunan Malam gogewa daga takarda ta ƙarshe da ya rage a kai.

Daga Kaduna na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja da akwati biyu. Ɗaya kayan sawa, ɗaya kuma kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, yajin jego, turaren wuta da kilishi ƙulli uku. Jirgin sama ya yada zango a Turkiyya, inda na yi awa biyar a zaune ina gadin jakata. A jirgi na biyu ma'aikaciyar ta sunkuyo ta ce min "honey", wato zuma, me zan ci. Yarinyar da ba ta kai ɗalibaina na ƙarshe ba. Na ce kaza, na kau da kai.

A filin jirgin New York na fara sanin cewa Turancin da na koyar da wanda ake yi a can ba uwarsu ɗaya ba. Jami'in shige da fice, wani matashi sa'an Auta, ya ɗaga hannu ya ce, "Young lady, matso." Na waiga in ga budurwar da yake kira, babu kowa a bayana sai wani dattijo mai sanda. Ni ce dai, da shekara sittin da uku da furfurata.

Ya buɗe fasfo ya ce in faɗi cikakken sunana.

Na ce, "Rabi."

Ya ce, "Rabi wa?"

Nan fa ake yin ta. Ku da kuka san ni kun san sunan da ke bin nawa a takarda na Malam ne. Shekara arba'in da aure, ban taɓa buɗe baki na faɗe shi ba. Ina rubuta shi, ina sa hannu da shi, a makaranta a kira ni Misis wane in amsa, amma ya fito daga bakina, a'a. Haka uwata ta yi, haka na tashi na gani. Ko a ofishin biza a Abuja su suka karanta, ni kai kawai na gyaɗa. Sai na nuna masa fasfon da yatsa na ce ga shi nan a rubuce. Ya ce ya gani, daga bakina yake son ji. Na jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar 'yar aji ɗaya. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya kira wata mata ta tafi da ni wani ɗaki.

Na ce shi ke nan, za a mayar da ni gida ban ga jikata ba. Na yi wa matar bayani da Turancina na aji, cewa a wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, girmamawa ce. Ta saurara tsaf, ba ta yi dariya ba. Sai ta ce, "Amma ma'am, ai sunanki ne." Ta buga hatimi ta miƙo min. Maganar nan ta tsaya min a rai, na rasa dalili. Kafin in fita kuma wani kare ya zo ya zauna a gaban akwatina, aka kwashe kilishin duka uku aka jefa a kwandon shara ina kallo. Daddawa sun shinshina, sun yamutsa fuska, sun bar min abata.

Surukina Kabiru ne ya zo ɗaukata. Ɗan Maraɗi ne, yana da shagon jakunkuna da tabarau a Canal Street. A tsakiyar jama'a, Turawa na wucewa da akwatuna, yaron nan ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, kun iso lahiya?" Na ji daɗi har raina. Daɗin bai daɗe ba. Muna isa gidansu a Mount Hope, a Bronx, na ga jerin akwatunan wasiƙa a ƙofar shiga, a kan nasu an liƙa takarda: Mista da Misis Kabiru Sani. Babu Nafisa, balle ubanta. Tun ba a je ganawar ba an riga an fara share shi.

Gidan hawa na biyar ne, ɗaki biyu da falo. Maƙwabcin dama ɗan Kumasi ne, Hausarsa ta Zongo sai na kasa kunne sosai, ta hagu kuma wata 'yar Yamai ce da take ce min Madam Hajiya. Wankan jego a bahon Turawa wani aiki ne. Babu ganyen darbejiya, babu tukunya a murhu, sai famfo da tawul. Ranar farko da na kunna turaren wuta wata na'urar gano hayaƙi a silin ta fasa ƙara, maƙwabta suka firfito, Kabiru ya hau kujera yana yi mata fifita da faifai. Daga ranar a bakin taga nake turara ɗiyata, taga a buɗe, sanyi na shigowa. Kunun kanwa dai na dama shi yadda ya kamata, ta sha har ta yi gumi.

Abin da ya fi na'urar tayar min da hankali shi ne bakin mutanen gidan. Ina zaune Auta za ta ɗaga murya daga ɗaki, "Kabir, miƙo min ruwa." Gatsal, ko Baban wance babu. Shi kuma ya amsa da "baby", ga jaririya kwance a gefe ba ita ake nufi ba. A kanti mai karɓar kuɗi ta dube ni da Auta ta ce mana "you guys". Ni da na yi shekaru ina jan jan biro a ƙarƙashin irin wannan. Takardun asibiti kuwa kowacce da akwatuna uku na mace, Mis, Misis da Miz, namiji kuma guda ɗaya tal. Na sha koyar da su a allo, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa sai mace ce za a san ko tana da aure tun kafin a san ko tana da lafiya ba.

Ranar da Kabiru ya kai ni shagonsa na tsare shi a kan maganar. Canal Street kamar kasuwar Sabon Gari ce aka sa mata jirgin ƙasa a ƙarƙashi, Hausa na tashi ta ko'ina. Ya sayo min wani yankan burodi mai cuku da ake kira fiza, na ci don kunya. Na ce, "Kai ka sa ta?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Inna ban sa ta ba. A asibiti ne suka ɗaura ma jinjira abin hannu da sunan uwarta, haka suke yi. 'Yan uwana suka gani a hoto suka yi ta zolaya, wai ɗiyar ba tawa ba ce. Ita ta ji zahi, ta ce gara kowa a gidan ya zama suna guda." Na yarda da shi. Wato da ɗiyata zan yi, ba da suruki ba.

Na fara bi da dabara, in sako maganar ana shan kunu, ita kuma ta zame. Ana haka, a mako na uku, wata abokiyar aikinta ta zo barka. Ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar. Doguwa ce, farin gashi, za ta yi sa'ata, sunanta Hildur, 'yar wata ƙasa ce mai suna Iceland, can ƙarshen duniya wajen ƙanƙara. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce mata, na ce to wannan ta sami tarbiyya. Sai ta miƙo min hannu ta ce, "Sannu, Rabi."

Rabi. Ba Hajiya, ba Malama, ba ko Misis. Rabon da wani ya kira ni haka tsirara tun rasuwar yayata. Auta ta ga fuskata ta yi sauri ta ce, "Umma, haka suke, ba raini ba ne." Hildur ta ce gaskiya ne, a ƙasarsu ko shugaban ƙasa da sunan yanka ake kiransa. Na ce a raina Allah ya kyauta.

Tsarabar da ta kawo busasshen kifi ne fari, mai tauri, wai da man shanu ake shafawa a ci. Na gutsura don kada ta ji kunya, sai na ji ashe ɗan uwan bandarmu ne, gishiri kawai ya yi masa kaɗan. Na ɗebo mata yajin jego ta barbaɗa, ta yi tari har hawaye, ta kuma ƙara. Daga nan hira ta ɓarke. Da ta ji ni malamar harshe ce sai ta jawo wata tsohuwar ambulan tana rubuta min kalmominsu a baya. Ga ta nan a jakata har yanzu.

Ta ce Turawa na ce wa aikinta midwife, amma a harshensu ljósmóðir ne, wato uwar haske. Na ce mu ungozoma muke cewa, na kuma ji kishi kaɗan, don nasu ya fi daɗi. Na ce mata abin da ya dame ni da Turanci shi ne ba shi da kalma ɗaya ta mai jego, sai a yi ta kewaye-kewaye, shi ya sa suke sallamar mace daga asibiti kwana biyu ta koma wanke-wanke. Ta buga cinya ta ce su suna da ita: sængurkona, matar da ke cikin bargo. Na ce ashe dai akwai masu hankali a wajen ƙanƙara. Kona kuma, in ji ta, ita ce mace, ita ce kuma matar aure, ba a sauya mata komai don ta yi miji.

Sai ta rubuta cikakken sunanta: Hildur Einarsdóttir. Ta ja layi a ƙarƙashin ƙarshen ta ce dóttir ɗiya ke nan, Einar kuma ubanta, masunci ne. Hildur ɗiyar Einar. Ta yi aure shekara talatin, mijinta Ba'amurke, ba ta taɓa sauyawa ba. "In na ɗauki sunansa," in ji ta, "na zama ɗiyar babansa ke nan. Ai ƙarya na yi."

Wallahi ji na yi kamar in goya ta. Na juya na kalli Auta da kyau, na ce da Hausa, "Kin dai ji. Mutanen da ko alwala ba su sani ba sun riƙe abin da malaminmu na Islamiyya yake ta faɗa." Auta ta ci gaba da jijjiga yarinya.

Fasfona na kan tebur, don ranar muka je yin wata takarda. Hildur ta gani ta karanta sunan da ke bayan nawa, ta ce, "To ke ɗiyar wannan ce."

Na ce, "A'a, mijina ne."

Ta ce, "Au. To ke ɗiyar wa ce?"

Ba da wata manufa ta yi tambayar ba, fuskarta a sake. Yarinya ta fashe da kuka, na yi wuf na karɓe ta na shige ɗaki, ban fito ba sai da na ji an rufe ƙofa.

Bari in gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ubana mai gyaran agogo ne a Sabon Gari, teburinsa bai fi faɗin tabarmar salla ba. Da wannan teburin ya kai ni har kwalejin horon malamai, lokacin da 'yan uwansa ke cewa asara yake yi. Ranar da na je karɓar takardar kama aiki ina sabuwar amarya, akawun ya tambayi sunan mijina, ƙawata ta faɗa masa, ya rubuta Misis. Ban hana shi ba. Daɗi ma na ji, ina ganin na zama 'yar boko sosai. Na kawo takardar gida na nuna wa Baba, ya sa gilashinsa na aiki a ido ɗaya ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo min ya ce Allah ya sa albarka. Sai a ɗakin nan na Bronx, da jika a kafaɗa, na gane abin da yake nema a takardar.

Na yi kwanaki ban sake tayar da maganar ba. Amma ranar ganawa na ta matsowa, ranar komawata ma haka. Ana gobe za ta je, da la'asar, Kabiru na shago, na same ta tana goge rigar da za ta sa. Na ce, "Auta, ki bar sunan ubanki."

Ta ajiye dutsen guga ta ce, "Umma, kwanaki a banki suka ce in faɗi maiden name ɗinki, sunan gidanku kafin aure. Ban sani ba. Na kira Yaya, ita ma ba ta sani ba. Baba mai agogo kawai muka sani." Ba da tsiwa ta faɗa ba, da ma da tsiwar ce da ya fi min sauƙi. "Ke kika fara. Su Yaya ke suka bi. Ni ma ke nake bi."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushi, don gaskiya ta faɗa. Na ce, "Na yi kuskure. Kada ki maimaita."

Ta ce, "To wane suna kike so in riƙe? Kullum sai ki ce sunan ubanki, sunan Malam. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinki ba. A nan ba wanda ya san shi, ba wanda zai kira shi. Ki faɗa min in ji."

Jami'in gwamnatin Amurka da hatiminsa bai sa na faɗa ba. Na dubi ƙofa, na dubi taga, kamar wani zai shigo ya cece ni. Na tuna mutumin nan tsaye a falo yana nuna wa baƙi layi ɗaya a cikin firam.

Na ce, "Haruna."

Muryata ta fito 'yar ƙarama. Na sake cewa, "Haruna. Ke ɗiyar Haruna ce. Ni kuma ɗiyar Isyaku."

Auta ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da rigar da take gogewa. Ni ma na zauna. Muka yi kukan da ba mu yi tare ba lokacin rasuwar, don tana can ina nan. Ba ta yi min alkawarin komai ba, ni ma ban sake tambaya ba. Washegari ta tafi ganawarta ta dawo ta ce an gama lafiya, bayan kwana biyu kuma Kabiru ya kai ni filin jirgi.

Na yi wata biyu da dawowa sai ga hoto ya shigo wayata. Takardar zama 'yar ƙasa ce, da tambarin zinariya, a tsakiya an rubuta Nafisa Haruna. Hoto na biyu akwatin wasiƙa ne, an sauya takardar da rubutun hannun Kabiru, suna biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na kai aka wanke min na farkon, na sa a firam, na rataye kusa da wanda Malam ya rataye.

Saura ke, Hajiya Bilki, da kike ta tambaya me ya sa na ce a gyara min suna a rajistar Islamiyya, ko wani auren na yi a Amurka a ɓoye. Ban yi ba. Sunan Malam ya sami mai riƙe shi, shi ya sa na sauke. Na koma na ɗauko wanda na bari a teburin akawu shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce. Mai shi ba ya nan balle ya sa gilashi ya duba, amma ranar Asabar da malama ta kira Rabi Isyaku, na amsa da ƙarfi har 'yan layin gaba suka waigo.